Sunan Uba a Kan Takarda

Shafi na 14

Masu cika min waya da tambayar ko Humaira ta samu gurbin karatun likita, ku yi haƙuri, kwana biyu ina jinyar mahaifiyata ne. Inda muka tsaya: ranar Laraba, a ofishin tantance sababbin ɗalibai na jami'a a Aliero, an kira kowa an sallama, an bar ta ita kaɗai a kan benci.

*

Ƙarfe ɗaya saura aka leƙo aka ce, "Humaira Bashar Jandutsi."

Ta miƙe, ta rungume jakar takardunta ta shiga.

Madam Monica ce a ciki, mai kula da takardun ɗalibai. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, amma ta daɗe a Aliero har 'ya'yanta sun iya Hausar garin fiye da ita.

"Rufe ƙofar, ki zauna."

Humaira ta zauna a bakin kujera.

"Maki nawa kika ci a JAMB?"

"Ɗari uku da huɗu, Madam."

"Karo na nawa ke nan?"

"Na uku."

Madam Monica ta cire tabarau ta ajiye. Ta jawo wata takarda daga ƙarƙashin sauran, ta kifa ta a kan tebur, ta ɗora hannu a kai.

"Wani ya rubuto ƙorafi a kanki."

"A kaina? Mi niy yi?"

"Ba abin da kika yi. Ya ce takardar asalin da kika kawo ba ta gaskiya ba ce. Ya ce mahaifinki ba mutumin Jandutsi ba ne, ba ma ɗan Najeriya ba ne. Daga Nijar ya zo."

Humaira ta yi ɗan murmushi, don har ga Allah hankalinta ya kwanta.

"Kuskure ne, Madam. A Jega anka haife ni. Kakana ma a Jandutsi anka rufe shi, na san kabarin."

"To, ina fata haka ne. Amma bari in gaya miki yadda abin yake, don kada ki ce ban gaya miki ba. Gurbi hamsin muke da shi a likitanci bana. Arba'in na 'yan jiha. Takwas na 'yan wasu jihohi, kuma mai ƙaramin maki a cikinsu ya fi ki da goma sha ɗaya. Biyu na 'yan ƙasashen waje, an riga an ba wani yaro daga Kamaru da wata daga Chadi. Ke a cikin arba'in ɗin nan sunanki ya fito."

"Idan anka cire ni daga nan fa?"

"Babu inda za a saka ki."

Fanka tana juyawa a sama, amma Humaira ta ji zufa na bin bayanta a cikin hijabi.

"Wa ya rubuto?"

"Bai sa suna ba. Ko ya sa ma ba zan gaya miki ba." Ta sassauta murya. "Kwamiti zai zauna jibi Juma'a, ƙarfe goma sha biyu. Ki kawo min sabuwar takarda, maigari ya sa hannu, ƙaramar hukuma ta buga hatimi. In kin kawo, ni da kaina zan shiga da ita. In ba ki kawo ba, akwai mutum sama da ɗari a jerin masu jira."

"Madam, don girman Allah, ki ƙara min ko mako ɗaya."

"Ba a hannuna yake ba, 'yata."

Humaira ta miƙe. Har ta kama marfin ƙofa, matar ta ce, "Mahaifiyarki fa, 'yar ina ce?"

"Sarandosa, ƙasar Maiyama."

"Wani lokaci ana dacewa ta wajen uwa, in dangi sun tsaya. Ba ko'ina ake yarda ba. Amma ki riƙe wannan a ranki."

*

Ba ta biya gida ba. Daga tashar Jega ta hau kabu-kabu kai tsaye zuwa shagon mahaifinta.

Malam Bashar gyaran injin ban ruwa yake yi. Ta same shi durƙushe gaban wani inji da ya farke, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. Yana ganinta ya washe baki.

"An gama? Tun safe nike hwaɗa wa mutane yau ɗiyata ta shiga layin likitoci."

Ba ta gaishe shi ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, kai ɗan ina ne?"

Sifanar da ke hannunsa ta tsaya a kan noti. Bai ɗago ba.

"Wace irin tambaya ce wagga?"

"An kai ƙara jami'a. An ce kai mutumin Nijar ne, takardata ta ƙarya ce. Na ce musu kuskure ne. Baba, kuskure ne ko?"

Ya ajiye sifanar. Ya ɗauki tsumma ya goge hannu, yatsa bayan yatsa, har sai da ta ji kamar ta fizge tsumman. Sannan ya tashi ya jawo ƙofar shagon rabi.

"Zauna."

"Ba ni zama."

Shi ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Shekarar yunwa, ina da shekara tara, ni da innata munka taho a ƙafa daga wani ƙauye bayan Doso. Ubana ya riga ya rasu. A Jandutsi innata ta faɗi, a bakin gonar wani mutum. Shi ne Ɗantsoho, wanda kike kira kakanki. Ya ɗauke ta ya kai ɗakin matatai. Kwana uku tay yi ta cika. Shi ya rufe ta. Ya dube ni yac ce, ina za ka? Nic ce ban sani ba. Yac ce to zauna."

Humaira ta jingina da bango.

"Shekara goma sha shida niy yi a gidan. Tare munka yi noma, ƙwarya ɗaya muke ci da ɗiyanai. Da kika isa shiga sakandare anka ce a kawo takardar asali, shi da kanshi ya tahi gaban maigari da sandatai yac ce wanga ɗana ne. Ban sayi takarda ba, Humaira. Ban ba kowa cin hanci ba."

"To mu tahi Jandutsi yanzu. Su sake hwaɗin abin da ya hwaɗi."

"Ɗantsoho shekaratai huɗu a ƙasa. Maigarin ma ya rasu, ƙanenai ne a kai. Ɗiyan Ɗantsoho kuwa, tun ranar rabon gado sunka ce in tuna inda nif fito. Ko kunya ɗaya ban nema ba a gonar, amma haka sunka ce."

"Ka kira su."

"Humaira."

"Baba, ka kira su a gabana."

Ya ciro waya daga aljihu. Ya nemo lambar babban ɗan Ɗantsoho, ya buɗe murya don ta ji. Aka ɗauka. Ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi fadama. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi, yana magana a hankali kamar mai roƙon ruwa a gidan baƙi.

Daga can ɓangaren mutumin ya ce:

"Bashari, tsoho ya yi maka alheri, Allah shi saka mai. Amma ni ba ni tsayawa gaban hukuma in rantse a kan abin da ba shi ne ba. In anka kama, wa za a ɗaure?"

"Ɗiyata ce, Yaya. Karatunta ne."

"Allah shi ba ta wani."

Wayar ta mutu.

Humaira ta zame ta durƙusa a cikin baƙin man da ke ƙasa, ba ta ma kula da hijabinta ba.

"Shekara uku, Baba. Sau biyu ina faɗuwa ina tashi. Ƙawayena sun yi aure, wasu na aji uku a wasu fannoni, ni ina nan ina haddace littafi ɗaya. Tun ranar da Ihsan ta mutu a hannuna muna layin ganin likita nic ce ba ni yin wani karatu sai wanga. Kai kac ce in dage. Kai."

Ihsan ƙanwarta ce. Su biyu kaɗai ne a gidan, zazzaɓi ya ɗauke ta tana shekara shida.

"Da ka hwaɗa min, da na san layin da zan bi tun farko. Ka bar ni ina rubuta Jandutsi a kan kowace takarda kamar wata wawuya."

Tana faɗa ta so ta maida maganar.  Malam Bashar ya sake ɗaukar tsumman yana goge hannun da ya riga ya goge.

Can ya ce, "Ni ma Jandutsi nike rubutawa. Ban san wani gari ba. Ko sunan ƙauyenmu na can, in anka ce in nuna hanya, ba ni iyawa."

*

Bayan la'asar suka shiga gida tare. Mahaifiyarta, Inna Zubaida, tana tsintar shinkafa a faranti. Ta saurari labarin duka ba ta daina tsintar ba.

Humaira ta ce, "Inna, Madam tac ce ana dacewa ta wajen uwa. Mu tahi Sarandosa gobe. Kawu Gambo shi kai mu wurin maigari."

"Ba ni zuwa Sarandosa."

"Inna."

"Na ce ba ni zuwa. A nemi wata hanya."

"Babu wata hanya. Jibi ƙarfe goma sha biyu."

Tun da Humaira ta yi wayo ba ta taɓa taka garin ba. Kawu Gambo, yayan Inna, sau biyu ta taɓa ganinsa, duka a kasuwar Jega, kuma a tsaye aka gaisa. In ta tambaya, sai a ce tsohuwar rigima ce ta manya.

Ta rarrafa ta kama ƙafafun uwar.

"Ko mi sunka yi miki, ki yafe musu na yini ɗaya. Ko zaginmu za su yi, ni zan ɗauka. Inna, in wagga ta wuce ni, wallahi ban san abin da zan zama ba."

Inna Zubaida ta kau da kai.

Daga bakin ƙofa Malam Bashar ya ce, "Ki kai ta."

Sai a lokacin ta ajiye farantin.

"Malam, ka san abin da kake hwaɗi?"

"Na sani."

"Ka san halin Yaya. Bakinai ba shi riƙe magana."

"Na sani. Ki kai ta."

Suka daɗe suna kallon juna. Humaira ta dubi wannan ta dubi wancan, ba wanda ya dube ta.

*

Washegari Alhamis, ana idar da sallar asuba Malam Bashar ya tada babur ɗinsa, ya ce zai sake gwada Jandutsi ido da ido.

Su kuma suka shiga mota zuwa Maiyama, daga nan kabu-kabu ya kai su Sarandosa.  Da suka shigo gari Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Kawu Gambo yana zaure yana ɓarar gyaɗar iri. Ya amsa sallama bai ɗago ba. Da ya ɗago, gyaɗar da ke hannunsa ta zube cikin ƙwarya.

"Zubaida."

"Yaya, ina kwana."

"Lahiya lau. Yau kin tuna hanya."

Bai jira amsa ba. Idonsa ya koma kan Humaira ya tsaya. Kallon ya yi tsawo har ta sunkuyar da kai.

"Ikon Allah," in ji shi, a hankali.

Aka shimfiɗa musu tabarma. Aka kawo ruwa, ba wanda ya sha. Humaira ce ta yi bayani, don Inna ta kasa. Ta fito da takardar sakamakonta ta miƙa masa. Ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mata.

"Ni ban yi boko ba, amma na ji labari. An ce duk ƙasar Jega babu mace da ta kai ki bana."

"Kawu, sa hannun maigari kawai nike nema. Ka ce mai innata ɗiyar garin ga ce."

Ya girgiza kai.

"Ba shi sawa. Bara ya yi wa wani ta wajen uwa, anka kira shi ƙaramar hukuma anka ja mai kunne. Tun daga nan ya rantse. Yac ce ɗa na ubanai ne, kowa shi tahi garin ubanai."

Humaira ta matso kusa da shi.

"Ka roƙe shi, Kawu. Ni zan durƙusa mai. Ko duk garin za a tara in durƙusa, zan yi."

"Ba sai kin durƙusa wa kowa ba. Ni abin da ban gane ba, mi ya kawo neman takarda ta wajen uwa, alhali ubanki ɗan Maiyama ne gaba da baya?"

Inna Zubaida ta ce, "Yaya."

Humaira ta ce, "A'a, Kawu. Baba ya hwaɗa min jiya da bakinai. Daga Nijar ya taho shina yaro."

"Ba Bashari nike nufi ba."

"Yaya, don Allah."

"Zubaida, shekara goma sha tara. Yarinya ta zo tana kuka a kan takarda, takardar kuwa tana nan kusa. Ke za ki hwaɗa ko ni?"

Humaira ta juya a hankali.

"Inna, mi yake cewa?"

Inna Zubaida ta sauke mayafin daga fuskarta. Ba ta yi kuka ba. Ta kafa ido a kan ƙwaryar gyaɗar ta fara magana.

"Kafin Malam na yi aure. A Maiyama. Sunan mutumin Alhaji Jabir, fataucin albasa yake yi zuwa kudu. Ya yi wata tafiya ya daɗe, ya dawo ya iske ni da ciki. Cikin nashi ne, da shi ya tahi ya bar ni, ni ma ban sani ba sai bayan tahiyatai. Wasu sunka zauna da shi sunka ƙirga mai watanni yadda sunka ga dama. Ya tara mutane a ƙofar gida yac ce cikin ba nashi ba ne. Ya ba ni takardar saki."

"Inna."

"Bari in gama, in na tsaya ba ni iyawa. Na dawo gidan ga. Na rantse da Alƙur'ani a tsakar gidan nan. Babu wanda ya tashi ya je ya tsaya min." Ta ɗan dubi yayanta. "Ko ɗaya."

Kawu Gambo ya sunkuyar da kai.

"A ɗakin can na ƙurya niy haife ki. Ranar suna babu rago, babu taro. Liman ya raɗa miki suna ya fita. Malam a lokacin shina zuwa fadama gyaran inji. Ya ji labari a bakin mutane, irin yadda suke ba da shi. Dud da haka ya aiko neman aurena. Kina da wata biyar anka ɗaura. Ranar da munka isa Jega, kafin shi sayi tabarma, rago ya saya. Yac ce ɗiyatai ba ta zama babu ragon suna."

Humaira ta ga bakin uwarta yana motsi, amma kamar daga cikin rijiya maganar ke fitowa. Ta dubi hannuwanta. Kullum mutane na cewa yatsunta dogaye irin na Baba.

"Ki ce ba haka ba ne."

"Haka ne."

"Ihsan fa?"

"Ihsan tashi ce. Ita kaɗai Allah ya ba mu tare."

Humaira ta tusa gefen hijabi a baki ta cije, don kada matan gidan su ji.

Kawu Gambo ya gyara murya.

"Na yi laifi, Zubaida, ban musa ba. Tsoron mutumin niy ji a lokacin. Amma Allah ya wanke ki. Da makarantarsu ta sa hotonta a waya saboda makin da tac ci, wani ya nuna wa Alhaji. An ce ya daɗe riƙe da wayar. Fuskar innatai ce sak, marigayiya, duk wanda ya san ta zai hwaɗa. Sau biyu shina zuwa zauren ga a watan nan shina tambayata hanyar da zai bi."

Inna Zubaida ta ɗago da sauri.

"Shi ya rubuta ƙarar nan zuwa jami'a?"

"Ban sani ba."

"Yaya, ka dube ni."

"Na ce ban sani ba. Ban kuma tambaye shi ba."

Ya juya ga Humaira.

"In ya tsaya gaban alƙali yac ce ke ɗiyatai ce, yau ɗin nan za a yi rantsuwa a gyara suna. Maigarin unguwarsu ba shi musa mai. Takardar ƙaramar hukuma kafin a tashi aiki ta fito. Kuma ba ƙarya a ciki, gaskiyarki ce."

"Ba ni so."

"Ki yi tunani."

"Ba ni so, Kawu. Mutumin da ya tozarta innata? A bar likitancin. In sayar da ƙosai ya fi min."

Ta faɗa da ƙarfi, amma hannunta yana kan jakar takardun, ya damƙe ta har jijiyoyi sun fito. Inna ta gani. Ita ma Humaira ta san ta gani. Nan kukan ya ƙwace mata gaba ɗaya, don ta san tana so, tana so har cikin ƙashinta, kuma ta tsani kanta a kan hakan.

Ana cikin haka aka ji babur ya tsaya a waje.

Malam Bashar ya yi sallama ya shigo. Babbar rigarsa ce a jikinsa, shuɗiya, wadda ba ya sawa sai ranar Idi. Ba da ita ya fita da asuba ba, wataƙila a cikin leda ya ɓoye ta. Ya gaida Kawu Gambo a tsaye. Ya dubi fuskar matarsa, ya dubi ta Humaira.

"An hwaɗa mata ke nan."

Humaira ta tashi ta faɗa jikinsa ta riƙe rigar da hannu biyu.

"Baba, ka yafe min maganar jiya. Ni ban san kowa ba sai kai. Na fasa, wallahi na fasa. Mu koma gida."

Ya bar ta ta yi kuka kaɗan. Sannan ya cire hannuwanta daga rigar, ɗaya bayan ɗaya, ya zaunar da ita.

"Ban tahi Jandutsi ba. Daga Maiyama nike."

Inna Zubaida ta miƙe tsaye.

"Gidan mutumin nan kat tahi?"

"Awa biyu niy yi a ƙofar gidanai kafin a ce in shiga."

"Malam, da ƙafarka?"

"Zubaida, ni mi gare ni da zan ba ta? Sunana ne kawai, kuma an ce ba shi da gari. Ihsan ta mutu ina kallo, ban iya komai ba. Wagga ina iyawa."

Ya tsuguna a gaban Humaira, amma bai haɗa ido da ita ba.

"Ya yarda. Yau za a shiga kotu. Gobe shi da kanshi zai kai takardar Aliero kafin goma sha biyu."

Kawu Gambo ya ce, "Alhamdu lillahi."

"Amma ya sa sharaɗi."



Inna ta ce, "Wane sharaɗi?"

"Yac ce ba shi raba ɗiya da wani. Daga ranar da ya sa hannu, gidanai za ta koma. Sunana shi fita daga takardunta, ƙafarta ta fita daga gidana. Ko hutu anka yi, Maiyama. Ko a hanya munka haɗu, ba ni ba ita."

Humaira ta girgiza kai, ta sake girgizawa.

"Kai kuma kac ce mai mi, Baba?"

Ya ƙura wa tabarmar ido.

"Baba, ka dube ni. Mi kac ce mai?"

A waje wata mota ta tsaya, aka danna oda sau biyu.

Malam Bashar ya miƙe ya karkaɗe gwiwar rigarsa.

"Na ce na yarda. Tashi ki wanke fuskarki, ga shi nan ya iso."